Gwanjon masu mota: abin da idon tela ya gani a wani sabon shago a Kano

Sana'ata gyaran kaya ce. Ba na ɗinka babbar riga, ba na taɓa leshin amare. Kekena yana bakin kasuwa, abin da mutane suka saya a gwanjo shi suke kawo mini in rage tsawo, in matse ƙugu, in canza zif, in juya kwala idan ta cinye. Saboda haka duk rigar da ta shigo hannuna, cikinta nake fara dubawa kafin fuskarta. Da wannan idon na shiga shagon da zan yi magana a kansa, wanda wata Hajiya ta buɗe a wani rukunin shaguna a ɓangaren Nasarawa. Ba zan kama sunansa ba. Akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi wa mai shagon daɗi ba, kuma irinsa yanzu sun yawaita a gari, abin da ya shafi ɗaya ya shafi sauran.

Ga wanda yake sauri: rigunan maza da wanduna da kayan yara masu kyau ne ƙwarai, takalma da jakunkuna akwai magana, farashi kuwa ba na ɗan ƙaramin albashi ba ne.

Ƙofar gilashi ce, ciki da na'urar sanyi, ƙasa da tayil. Komai a rataye yake a hanga, an ware na maza, na mata, na yara, an jera su bisa girma. An wanke, an goge, an turara. Warin nan na maganin feshi da kowa ya san gwanjo da shi, wanda ke maƙale wa mutum a hannu har ya isa gida, babu shi ko kaɗan. Yaran shagon suna da ladabi. Wadda ta tare ni ta ga silifas ɗina da tef ɗin awo a wuyana, amma ba ta yi mini kallon wanda ya yi ɓatan hanya ba. “Sannu da zuwa, Baba, me za a nuna maka?” Na ce, “'Yata, bar ni in zagaya tukuna.” Ta bar ni, ba ta bi ni a baya tana gadi ba. Wannan kaɗai na ba su maki a kansa.

Na fara da rigunan maza masu maɓalli, domin su ne ba sa iya ɓoye shekarunsu. Wuri uku ake dubawa: cikin kwala inda wuya ke gogawa, bakin hannu, sai hammata inda gumi da turare ke barin rawayar da babu sabulun da ke fitar da ita. A cikin duk waɗanda na juya, ƙalilan ne kwalarsu ta fara tashi, su ma ba sosai ba. Yawancinsu auduga ce zalla, irin wadda idan ka damƙe ka saki za ta yamutse, ba mai robar nan da ke sheƙi tana gasa mutum a watan Afrilu ba. Ɗinkin gefe an lanƙwasa bakin yadin an sake binsa, babu zare ko ɗaya a waje. Wasu har maɓallin ajiya yana nan liƙe a ciki, alamar mai ita bai sa ta da yawa ba.

Na tsaya a kan tambari, don mu teloli mun san abin da ake yi da shi. Akwai masu zuwa da leda cike da tambarin da aka ɓalle daga tsummokara, su ce a ɗinka musu a wuyan riga mara asali don ta yi kuɗi. Ba wuyar ganewa: zaren ba ya zama iri ɗaya da na sauran rigar, kuma idan ka ɗaga ta ga haske za ka ga hujin allurar tsohon tambarin. Na duba na wannan shago da kyau, ban kama ko ɗaya ba. Wadda aka rubuta wa Marks & Spencer, ita ce. Haka wandunan jins. Na ga Levi's na gaske, yadi mai nauyi, zif na ƙarfe, tsakanin cinya bai fara sirancewa ba, ƙasan ƙafa bai ja ƙasa ya tsattsage ba. Irin wandon da idan aka kawo mini ragewa sai na canza allura zuwa babba. Rabon da in ga irinsu da yawa haka a wuri ɗaya, tun kafin kaya su lalace.

Kuma kaya sun lalace, kowane ɗan gwanjo zai gaya maka. Dilar yanzu, wato ɗaurin kayan gwanjo da ake sarowa, cike take da tufafin da tun a masana'anta ba a yi su don su daɗe ba, yadi shara-shara, ɗinki layi ɗaya, wanki biyu su saki jiki. Turawan ma abin da suke saya ke nan su yar, shi kuma yake iso mu.

Farashi a rubuce yake a jikin kowane kaya, ba tayi, ba ragi. Rigunan maza daga naira 9,000 zuwa 14,000. Jins daga 15,000 zuwa sama da 20,000. Suwaitar yaro ɗan firamare wajen 10,000. Idan ka auna da sabo mai irin wannan ingancin a manyan kantuna, araha ce ta ban mamaki. Idan ka auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, magidanci mai yara huɗu da zai sai wa kowannensu suwaita ya kashe fiye da rabin albashinsa, bai sayi kwanon masara ba.

Ba duka laifin Hajiya ba ne, gaskiya ɗaya ce. Gwanjo yana cikin jerin kayan da dokar kwastan ta haramta shigo da su Najeriya, don haka yawancinsa a Kwatano ko Lome yake sauka, sannan ya biyo ta iyaka, kowane shinge da abin da za a ajiye. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, dila ta tashi ba ta sauko ba. A 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka. A shekarar dai aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sefar da ake sari da ita a Kwatano ita ma ta bi ta. Ga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da ya sa aka toshe hanyar Maraɗi da Jibiya wata da watanni. Ko a Ƙofar Wambai, inda ba gilashi ba na'urar sanyi, farashin da muka sani ya zama tarihi.

To su wa ke saya? A ƙofar shagon motoci ne a jere, irin waɗanda direba ke zama a ciki yana jira. Matan manya, 'yan mata 'yan jami'a masu manyan wayoyi, samari ma'aikatan banki da ke neman rigar ofis. Ledar da ake zuba kayan fara ce sol, ba suna ba lamba. Na tambayi yarinyar dalili, ta yi murmushi ta ce masu saya ne suka fi son haka.

Wannan kunyar tana ba ni dariya, domin sayen kayan da wani ya sa ba baƙon abu ba ne a gidajen masu hali. Tun muna yara dillaliya ke shiga gida-gida da ƙunshinta, ta karɓi zanen wannan ta kai wa waccan, ta ci la'adarta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Manyan riguna masu aiki ma ana sayar da na hannu a Kasuwar Kurmi tun kafin a haife mu. Bambancin kawai, wancan kayan gida ne ke zagayawa a gida.

Yaron shagona, wanda ke koyon aiki a wurina, shi ya fara ta da maganar da ta sa na rubuta wannan. Ya ce, “Oga, masu kuɗin nan ba su da tausayi. Shinkafa tasu, nama nasu, asibiti nasu. Abu ɗaya da aka bar wa talaka, shi ma sun biyo mu.” Na ji irin wannan daga bakin mata da yawa da ke zama a bencina suna jiran in gama musu aiki. Kuma ba a nan kaɗai ake wannan gardamar ba, a Ingila da Amurka ma ana yin ta, tunda sayen gwanjo ya zama ado a wurin 'ya'yan masu hali.

Amma tasu daban, tamu daban. A can yawancin shagunan na ƙungiyoyin agaji ne. Oxfam ta buɗe shagonta na farko a garin Oxford a 1948, kyauta ake kai mata kaya, ta sayar, kuɗin ya tafi aikin taimako. Irin wannan shago yana maraba da aljihun mai kuɗi, don da shi ake aikin. Kuma kayan da ake kai musu sun fi ƙarfin abin da za su iya sayarwa. Su zaɓi na zaɓa su rataye, ragowar su sayar wa kamfanoni a kan sikeli. Kamfanonin su sake tacewa, mafi kyau ya tsaya a Turai, saura a matse a ɗaure a zuba a kwantena. Wato kafin dila ta taɓa ƙasar Afirka an riga an tsince ta. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Akra, babban birnin Ghana, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa. Ashe ba ƙarancin kaya ake yi ba. Ƙarancin kaya masu kyau ake yi, kuma a kansu ake rigimar.

A nan babu wata ƙungiyar agaji. Kasuwanci ne tsantsa, kuma sai mutum ya san yadda dila take kafin ya yanke wa kowa hukunci.

Ƙaramin ɗan kasuwa ko mace mai sana'a a gida ta haɗa kuɗin adashi ta sayi dila mai kilo 45 ko 55. A rufe take saya, ba a buɗewa a gani, ba a mayarwa. Ta kai gida ta yanke ɗaurin, gabanta na faɗuwa. Sai ta kasa uku. Lamba ɗaya, waɗanda kamar ba a taɓa sawa ba, ba su da yawa, amma su ne za su dawo mata da uwar kuɗi. Na tsakiya su ne riba. Na ƙasa, masu tabo da ɓallen maɓalli da waɗanda girmansu ba na mutanenmu ba ne, su ake zubewa a kan buhu da yamma ana kiran farashi ɗaya, kowa ya sunkuya ya tona. Daga cikin waɗannan na ƙasan nake samun yawancin aikina, kuma daga cikinsu talaka yake tufatar da gidansa. Abin da ya sa take iya sakin na ƙasa da arha shi ne wani ya riga ya biya kuɗi mai kauri a kan lamba ɗaya. Wannan wanin kuwa ba mai tura baro ba ne. Mai hali ne.

Shi ya sa ban yarda da yarona ba a kan cewa mai kuɗi ya fita daga gwanjo. Ranar da ya fita, ranar na ƙasan zai yi tsada, don dole uwar kuɗi ta fito daga wani wuri. Alhajin da ya zo Ƙofar Wambai, ko Kasuwar Barci ta Kaduna, ko Katako ta Jos, ya ɗauki kwat mai kyau ya biya abin da aka ce, ya taimaki matar da za ta zo bayansa da naira 500 a hannu, ko bai sani ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne a hannun wa ribar lamba ɗaya take faɗawa. A kan wannan na nemi ganin Hajiya, aka yi sa'a tana nan. Mace ce mai fara'a, ta sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na ce, “Hajiya, ranki ya daɗe, kayan nan daga dila nawa aka tsinto su? Don na san dila ɗaya ba ta haifar wannan.” Ta yi dariya ta ce, “Malam, ashe ɗan gida ne.” Ba ta ɓoye mini ba. Ba ta cika sayen dila ba. Tana da mutane a wajen masu sito da take ba kafin alƙalami. Idan mota ta sauke kaya, kafin a kai kasuwa sai a kira ta, a yanka mata, ta zaɓa da ɗai-ɗai a kan farashin da suka yi yarjejeniya. Ta ce, “Da kuɗina nake saya, ban ƙwaci na kowa ba. Ina biyan haya, ina biyan yaran nan albashi, ga wanki, ga guga, ga man janareto.” Duk gaskiya ne. Kuma ta ƙara da abin da ya fi ƙarfi: yawancin masu saya a wurinta ba za su taɓa shiga cunkoson kasuwa ba, da ba don ita ba sabo za su saya ko su yi oda daga waje.

Na karɓi wannan. Amma ga abin da ya rage. Mahauci yana sayar da nama tsoka da ƙashi a haɗe, farashin kilo an yi shi ne a kan haɗin. Idan wani ya zo da asuba ya yanke tsokar duka ya tafi, wanda ya zo da hantsi ƙashi zai tarar, kuma ba lallai a rage masa kuɗin kilo ba. Dilar da aka tsince wa Hajiya tana da hanya biyu. Mai tsoron Allah zai ce wa 'yan sari, wannan an taɓa ta, ga farashinta, ya rage. Wanda ba ya tsoro zai cike gurbin da ragowar wata, a sake matsewa a ɗaure, a sayar a matsayin wadda ba a buɗe ba. Ban ce mutanen Hajiya haka suke yi ba. Amma ana yi, kuma na sha ganin wadda abin ya faɗa wa. Ta zo da buhu ta zube a gaban kekena ta ce, “Baba tela, duba mini ko akwai abin da za a iya gyarawa a nan, kuɗin mutane ne.” Ka tona ka tona, babu guda goma da za su yi kuɗi. Wannan matar ba za ta iya sakin na ƙasa da arha ba, don ba ta da na sama. Ita ta yi asara, masu saya a wurinta sun sayi tsumma da tsada, ribar kuma tana can rataye a bayan gilashi.

A wajen karatu mun ji cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa. Mun kuma ji labarin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, aka ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Na biyun ya hau kan mai sake ɗaure dila daram. Na farkon, malamai ke da ikon cewa ya shafi mai zaɓe a sito ko bai shafa ba, amma duk lokacin da na ji an ce an kira wance da daddare ta zaɓa kafin gari ya waye, shi ke faɗo mini a rai. Na gaya wa Hajiya haka. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta bin diddigin inda ragowar ke zuwa. Na ce, “Ai kuwa ya kamata, ranki ya daɗe, tunda ke ce babbar mai saya, maganarki za su ji.” Abin da ya fi sauƙi ma, ta sayi dilar gaba ɗaya, ta rataye na ratayewa, ta fitar da tebur a waje ta sayar da saura a kan abin da talaka zai iya. Ta ce tebur a ƙofa zai kore mata mutanenta. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a duk zancen.

Akwai masu cewa da mai kuɗi da talaka duk a bar gwanjo don masaƙunmu su tashi. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, babbar masaƙar garin, United Nigerian Textiles (UNTL), ta rufe a 2007, kuma abin da ya fi kashe su rashin wuta ne da tsadar mai da atamfar waje ta fasa-ƙwauri. Atamfa da yadi suke saƙawa, ba suwaita da jins ba. Ko gobe aka hana gwanjo, yaro ba zai sa atamfa ya tafi makaranta cikin hunturu ba.

Hunturun ne ma inda nake da magana kai tsaye da masu saya, ba da mai shago ba. Rigar ofis, kwat, jakar hannu, labule, ku saya, Allah ya sa albarka. Amma kayan sanyi na yara wani abu ne daban. Daga Disamba zuwa Janairu, suwaita da hular sanyi da safa ba ado ba ne a gidan da tagarsa buhu ce, magani ne. Kuma su ne suka fi ƙaranci a lokacin da aka fi nemansu. A shagon nan na ga layi guda na jaket ɗin yara masu ɗumi, masu kauri, zif lafiya lau, kuma na ga mace ɗaya ta kwashi abin da ya fi ƙarfin yaran gida ɗaya, tana waya tana cewa ai arha ne, gara ta ajiye har na baɗi. Halal ɗinta ne. Amma yaran da ke kwana a ɗaki mai bargo, a kai su makaranta a mota da gilashi a rufe, jaket ɗaya ta ishi kowannensu. Idan kwasar za ta yi don ta raba wa almajirai da 'ya'yan masu aikinta, na janye maganata. Wayar da na ji dai ba ta nuna haka ba.

Sai kuma halin da na fi tsana, wanda ba a shagon ake yinsa ba, a kasuwa ake yi. Mutumin da zai biya 14,000 a nan bai ce uffan ba, don an rubuta a takarda kuma akwai sanyi, shi ne zai ajiye mota nesa, ya sa tsohuwar riga, ya shigo kasuwa ya tsaya a kan yaro mai kasa kaya a ƙasa yana ja-in-ja a kan naira 200 har yaron ya ce “sallama” don gajiya. Idan za ka shigo inda talaka ke saya, ka shigo da aljihunka na gaskiya. An ce maka albarka sau ɗaya, ka ƙara, ka biya, ka tafi.

A can ƙuryar shagon akwai wani sashe da ba daga dila ya fito ba. Leshi ne da atamfofi ɗinkakku da mayafai da jakunkuna na matan gari, sun sa sau ɗaya ko biyu a biki, sun kawo a sayar musu, Hajiya ta cire la'ada. Kayan suna da kyau, wasu ɗinkin ma ya fi yadin tsada. Aikin dillaliya ne aka sa masa fitila. Sai dai ni da na gan su, kwance na tuna. A da irin waɗannan kayan, idan azumi ya raba tsakiya, uwargida ke fito da su ta raba wa masu aiki da dangin ƙauye, maigida ya ba direba da maigadi kaftanin bara. Ina cikin masu cin moriyar wannan, don kafin sallah layi ake yi a wurina ana rage kaftanin Alhaji ya zama na saurayi. Wannan aikin ya ragu sosai. Matsin rayuwa ya taɓa kowa, na sani, wata mai motar ma da kuɗin leshin za ta biya kuɗin makaranta. Amma idan mai hali ya zama shi ke sayen na sama a dila, kuma shi ke sayar da abin da ya saba bayarwa, ta gaba da ta baya duk an rufe.

Takalma da jakunkunan da ke gaban shagon su ne ban gamsu da su ba. Akwai na gwanjo na gaske a ciki, fata mai kyau, an ɗan taka. Amma na ga kambas iri ɗaya, launi ɗaya, lamba daban-daban a jere. Gwanjo ba ya zuwa haka. Sabo ne mai arha aka cire daga kwali aka cakuɗa, don mutane sun yarda cewa na hannu ya fi ƙarko. Ka shinshina za ka ji warin gam, ka lanƙwasa tafin za ka ga ya yi fari a wurin lanƙwasar. Na nuna wa yarinyar, ta ce haka aka kawo musu. Ko ma wa ya haɗa, bai kamata a sa musu kuɗin na asali ba. Zanen gado da tawul ba laifi, amma ba su fi na kasuwa da komai ba in ban da wanki, kada ka ɓata kuɗinka.

Turaren da suke sawa ma ya yi yawa. Yana rufe warin da ya kamata mai saya ya ji, musamman a jaket da kwat da ba a iya wankewa da ruwa, waɗanda wani lokaci danshin kwantena ya riga ya kama. Ka kai hancinka cikin hannun rigar, ba waje ba.

Ɗakin gwaji ɗaya ne, na mata, namiji sai dai ya kara a jiki. Suna karɓar tiransifa da kati. Sababbin kaya sukan fito ne tsakiyar mako, kuma ana fara sa hotunansu a WhatsApp da Instagram, don haka kafin Asabar an kwashe na kwashewa. Abin da ka saya ka saya, ba a mayarwa ba a canzawa, an rubuta a bango. Saboda haka kada ka dogara da lambar da ke jikin wando, don wanki ya riga ya ja shi, kuma lambar Amurka daban, ta Turai daban. Ka auna ƙugu da cinyar wandon da ke yi maka daidai a gida, ka tafi da tef ɗinka. Wanda ya yi tsawo ko faɗi, kowane tela zai rage maka a kan kuɗi kaɗan. Jins ɗin da ya matse a cinya kuwa ba shi da yadin ƙari a ciki, sai dai ka ba ƙaninka.